Jirgin Baba da Rediyon Inna

Alhamis goma na yi a jere ina taka keke daga Kibiya zuwa Rano a tsakiyar damina, kuma har yau idan na tuna sai in ji cinyoyina sun yi tsami. A lokacin ina koyarwa a makarantar elementare ta Kibiya, ban daɗe da fitowa daga horon malanta ba, ina ganin babu abin da zai gagari mutumin da ya karanta littafi. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce. Gidanmu yana Rano, kuma mutum biyu kawai suka rage a cikinsa, Baba da Inna, kowanne da abin da ya riƙe.

Abin da Baba ya riƙe jirgin ƙasa ne na wasa. Shekara talatin ya yi yana aikin reluwe, yana juya layi yana ɗaga wa jirgi tuta, kafin ya yi ritaya ya dawo Rano, garin da ko ƙarar jirgi ba a ji. Wani Bature da suka yi aiki tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa jirgin ɗansa: kan jirgi baƙi kamar tsawon tafin hannu, tarago huɗu, da layin dogo da ake harhaɗawa ya yi da'ira. Akwai kuma wani baƙin akwati na gwangwani mai mariƙi, wanda Baba ke kira akwatin tuƙi. Idan ka murɗa mariƙin jirgi ya tashi, ka ƙara murɗawa ya ƙara gudu. Babu lantarki a Rano, don haka da batirin mota ake aiki, wani direban babbar mota ke canza masa shi idan ya yi sanyi.

Baba bai ɗauki abin nan wasa ba ko na rana ɗaya. Ya shimfiɗa layin a zaure a kan katako, ya jera gwangwanayen madara su ne tashoshi, kowanne da sunansa, daga Kano har Zariya. Kullum da ƙarfe biyar saura minti biyar na yamma, daidai lokacin da jirgin fasinja ke isowa tsohuwar tasharsa, sai ya ciro agogon aljihu, ya hura usur, ya murɗa mariƙi. Jirgi ya yi ta zagaye, ya tsaya a kowace tasha minti ɗaya, ya sake tashi, har biyar da rabi. Tsofaffi uku abokansa sukan zo kallo bayan la'asar, ciki har da ladanin unguwarmu, mutum mai tsokana wanda bai taɓa hawa jirgi ba amma ya fi kowa sanin lokacin da ya makara.

Abin da Inna ta riƙe kuwa rediyo ne, ko da yake da ka ce nata ne sai ta musa. Yayana ne ya saya ya bari a gida kafin a kwashe su zuwa Kwango, don soja ne. Shi ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba, ban taɓa ganin ta miƙa masa abinci hannu da hannu ba. Idan dole ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”. Baba ma haka, sai dai shi “sojan nan” yake cewa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san kunyar ɗan fari, amma a gidanmu an yi mata riƙon da ya wuce na maƙwabta, domin dangin Inna Fulani ne, shi kuma Baba mutum ne mai son ƙa'ida. Rediyon yana zaune a kan wani turmi da aka kife a rumfar Inna, bango ɗaya ne tsakaninsa da zaure.

Farkon damina wasiƙa ta iso mini a Kibiya daga Yaya, ita ce ta farko cikin wata biyar. Ya ce ma'aikatan gidan rediyo sun zo sansaninsu sun ɗauki muryoyin sojoji, kowa ya gai da gida, kuma za a riƙa sakawa kaɗan-kaɗan ranar Alhamis da ƙarfe biyar na yamma. Bai san makon da za a sa tasa ba. Na kawo wasiƙar gida, na tsaya a tsakar gida na karanta da ƙarfi kamar ina karanta wa kaji, domin babu wanda zan ce don shi nake karantawa. Baba yana alwala, bai ɗago ba. Inna tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya cak har na ninke takardar.

Ba a ce mini komai ba. Amma da na tashi komawa Kibiya, Inna ta raka ni har bakin zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce, “Abin nan na kan turmi, ni ban iya murɗa shi ba. Idan kana da sarari ranar Alhamis.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma shi ya sa ni a kan keke.

Alhamis ta farko na tashi yara da wuri, na taka, na ɗauki keke a kafaɗa na haye rafi, na iso jiƙe da gumi da saura kwata. Na kunna rediyo na kamo tashar, ana ji tangaram. Inna ta jawo tabarma kusa, ta juya wa turmin baya, ta hau ɓarar gyaɗa. Daga zaure aka hura usur. Nan take rediyo ya koma kamar an zuba ƙosai a tafasasshen mai, babu abin da kake ji sai suya. Can ya yi shiru, muka ji wani soja yana gai da matarsa a Gusau, bai kai ƙarshe ba suya ta dawo. Haka muka yi har biyar da rabi, guntun gaisuwa, doguwar suya, sannan rediyo ya washe sarai ana karanta farashin auduga.

Na ɗora laifin a kan hadari, domin akwai gajimare a gabas, kuma an koya mana cewa walƙiya tana shiga rediyo. Mako na biyu na ɗora wa batir, na sa sabo. A mako na uku sama fes, batir sabo, suya kuma tana nan. Ina ta murɗe-murɗe ina tsaki, sai Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Idan na babanku ya tsaya a tasha, wannan ma yakan huta.” Na kasa kunne. Wallahi haka ne. Jirgi ya tsaya, murya ta fito. Jirgi ya tashi, murya ta nutse. Ita da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta gano tun ranar farko, ta bar ni da ilimina ina zargin gajimare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mu san ko an riga an wuce Yaya ba. A rabin awa, abin da muke ji bai fi minti shida ba, sauran duk yana tafiya tsakanin tasha da tasha. Ko wace Alhamis ana iya saka muryarsa ta wuce cikin suyar nan, mu ci gaba da jira har abada. Na tambayi masu sauraro a wajen rediyon ƙofar hakimi, suka ce ba su ji an ambaci Rano ba, amma su ma rabin lokacin gardamar siyasa suke yi. Kuma ko sun ji, me zai amfana? Ba labari Inna ke nema ba, labari yana cikin wasiƙa. Muryar take so ta ji da kunnenta.

Mai karatu zai ce a ɗauki rediyon a kai wani wuri mana. Na ɗauka. Na kai shi ƙuryar ɗakin Inna, na kai shi bayan rumbu, na kai shi har jikin katangar baya wajen akurkin kaji. Gidanmu ba wani babba ba ne, duk inda na je suya ta riga ni. Na ce mu kai gidan maƙwabta, Inna ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. Ta je gidan mutane ta zauna a gaban rediyo, kowa ya san wanda take jira? Ban sake tayar da zancen ba.

Sai na koma ga littafi. Na karanta cewa doguwar eriya tana ƙara wa murya ƙarfi, na hau ɗinyar da ke bayan gidanmu da waya a baki, cinnaku suka yi mini rabon da har yau ban yafe ba, na ja wayar har kan soro. Murya ta ƙaru, suya ma ta ƙaru. Na karanta cewa a binne ƙarfe a ƙasa a haɗa shi da rediyo, na haƙa rami na zuba gawayi da gishiri na binne tsohuwar fartanya, na ce Inna ta riƙa ba ta ruwa kullum. Ta riƙa ba ta, safe da yamma, kamar dashen barkono. Babu abin da ya tsiro.

A mako na biyar na gaji, na ce bari in tari Baba. Na same shi bayan azahar yana goge layi da tsumma da kananzir. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, “Baba, da za a ɗan jinkirta jirgi yau zuwa biyar da rabi.”

Bai daina gogewa ba. Ya ce, “Shekara talatin ban taɓa riƙe jirgi babu dalili ba. Mene ne dalilin?”

Na ce, “Yana shiga rediyo.”

“Me ake yi a rediyon?”

Yana tsakar gida aka karanta wasiƙar, ya san abin da ake yi sarai. Amma idan na faɗa, na ce ke nan matarsa tana zaune tana jiran muryar ɗan fari, kuma na ce shi ma ya tsayar da aikinsa saboda ɗan fari, a gaban abokansa da za su tambayi dalili. Sai na ce, “Labarai.”

Ya ce, “Labarai sai bakwai.” Ya ci gaba da goge layinsa.

Na fito raina a ɓace. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, na ji haushin Yaya da ya tafi ya bar ni da iyaye biyu da ba sa iya furta kalma ɗaya. Ni na biyu ne, ni ake kira da suna, ni ake aika, ni ake zagi, kuma ga shi ni ke hawa bishiya saboda wanda ba a ambata.

Washegari Jumma'a babu makaranta, na hau babbar mota zuwa Kano, na nemi wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na kwashe labarin jirgi na gaya masa, na bar na gaisuwa. Ya yi dariya ya ce, “Malam, rediyonka lafiyarsa ƙalau. Tartsatsi ne. Duk inda wuta ta yi tsalle daga ƙarfe zuwa ƙarfe, rediyon da ke kusa sai ya ji. Kana can kana yi wa mai lafiya magani.” Ya ba ni wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar dabino, kowanne da ƙafa biyu na waya, ya ce sunansu kwandansa, su ke shanye tartsatsin. Ɗaya a liƙa a cikin akwatin tuƙi, ɗaya a cikin kan jirgi. Ya zana mini a bayan kwalin sigari, ya nanata cewa sai an sa duka biyun.

Na dawo da su a aljihu ina tunanin yadda za a yi, domin babu wanda ke taɓa kayan Baba. Ladan ya taɓa miƙa hannu zai ɗaga taragon da ya sauka daga layi, Baba ya ce masa fasinja ba ya gyaran jirgi. Kan jirgin ma ba ya kwana a zaure, yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon Baba, makulli a wuyansa.

Alhamis ta shida ta wuce cikin suya kamar sauran. Da magariba muna cin tuwo, Baba ya ce, yana kallon kwano, gobe zai je Rurum ta'aziyya, sai bayan azahar zai dawo. Ya ƙara da cewa, “Akwatin tuƙin nan ya fara ɗumi da yawa.” Ban gaya wa kowa abin da na sayo a Kano ba, amma direban da ya kai ni shi ne mai canza wa Baba batir. A lokacin ban haɗa biyun ba. Na ɗauka sa'a ce ta zo mini.

Yana fita da safe na aro ƙarfen liƙi da dalma wajen mai gyaran fitila, na hura gawayi a zaure, na kwance akwatin. Ciki waya ce nannaɗe kamar igiyar guga, da wani harshen tagulla da ke gogarta idan an murɗa mariƙi, duk ya yi baƙi da ƙuna. Na bi zanen kwalin sigari, na ƙona yatsa biyu, na liƙa kwandansa ɗaya, na mayar da komai yadda na same shi. Na biyun ya zauna a aljihuna, tunda kan jirgi yana kulle. Na ce rabin magani ya fi babu.

Da yamma tsofaffi suka hallara. Na laɓe a bakin ƙofa. Baba ya ɗora kan jirgi a layi, ya duba agogo, ya hura usur, ya murɗa. Jirgi bai motsa ba. Ya mayar da mariƙi ya sake murɗawa, shiru. Ya sunkuya ya shinshina akwatin, ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce wa abokansa, murya a kwance, “Malamin makaranta ya yi mana gyara.”

Ladan ya yi dariya har da tari. Ya ce, “To, Allah ya tsare yaran Kibiya, idan haka ake gyara musu kai.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce a ba ni minti goma in cire abin da na sa. Baba ya ce a'a. Ya shiga ciki ya fito da tsohuwar jar tutarsa, ya shimfiɗa ta a kan layin, ya ce, “An rufe layi. Idan aka yi ɓarna ba a buɗewa sai an gama bincike.” Ladan ya tambaya wa zai yi binciken. Baba ya ce shi. Yaushe za a gama? Ya ce bincike ba shi da rana.

Daga nan sai na zama abin nuni a Rano. Duk Alhamis da na shigo gari, tun daga bakin kasuwa ake tambayata ko na zo da kayan gyara. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce in yi wa Allah kada in taɓa mata ma'auni. Tsofaffin ba su daina zuwa zaure ba, sai dai yanzu maimakon kallon jirgi, zama suke yi a gaban jar tuta suna maimaita labarin ɓarnata, kullum da ƙari. Baba kuwa ya rame a idona. Biyar saura biyar sai hannunsa ya tafi aljihu ya ciro agogo, ya duba, ya mayar. Na tausaya masa, kuma na ji nauyin abin da na yi, domin jirgin nan shi ne abin da ke tashinsa daga tabarma.

Amma rediyo ya washe. Alhamis ta bakwai muka ji shirin daga farko har ƙarshe, soja goma sha wani abu, babu Yaya. Ta takwas haka. Inna ta gama ɓarar gyaɗar gidan kaf ta koma kaɗi. Ba ta taɓa cewa komai idan an rufe shirin, sai ta naɗe tabarma ta ce in ci abinci kafin ya huce. Ni kuma a raina na riga na yanke cewa an saka shi tun a makonnin suya, muna zaman banza ne, amma ban iya gaya mata ba.

A mako na tara na shiga zaure da azahar ɗauko famfon keke, Baba yana kishingiɗe idonsa a rufe. Idona ya faɗa bayan katakon, sai na ga wayar da ke zuwa daga batir a kwance a ƙasa, an kwance ta daga kan batirin an lanƙwasa bakinta da kyau. Ni ban taɓa wajen batir ba ranar da na yi liƙi. Na miƙa hannu. Baba ya ce, “Bar shi,” bai ko buɗe ido ba. Na fita ina huci, ina cewa a raina tsohon nan ya ga inda matsalar take, amma ya fi son a ci gaba da yi mini dariya. Gajiya takan toshe wa mutum kai, iyakar uzurina ke nan.

Alhamis ta goma ruwa ya kama ni tun daga fitowa Kibiya. Rafi ya kawo har ƙugu, sarƙar keke ta zame sau biyu, na iso biyar ta ɗan gota, laka har gira. Na rantse a hanya cewa wannan ce ta ƙarshe. Na tarar Inna ta riga ta jawo tabarma, ta rufe rediyon da faifai kada feshi ya taɓa shi, tana zaune ta ba shi baya, mazari a hannu. Na kunna ko zama ban yi ba. Daga zaure ana jin muryar ladan yana ba da labari.

Soja na huɗu ne. Mai gabatarwa ya faɗi sunan Yaya, ya faɗi sunan Baba a haɗe da shi, ya ce daga Rano. Muryar ladan ta yanke a zaure kamar an rufe masa baki. Sai ga Yaya, tamkar yana tsaye a bakin rumfa. Ya yi sallama, ya ja hanci, ya ce yana gai da ƙanensa malamin makaranta a Kibiya, da mutanen unguwa, da ladan. Ya ɗan tsaya, ya ce, “Da mutanen gida baki ɗaya. Ina nan lafiya. A gaya musu ina nan lafiya.” Ya sake jan hanci, aka wuce zuwa wani mutumin Azare. Ko minti ɗaya bai cika ba. Shi ma, daga wata ƙasa, bai iya cewa Inna ko Baba ba.

Na juyo in ga fuskar Inna, babu kowa a tabarma. Tun da aka ambaci sunan ta ajiye mazari ta tashi ta shige madafi. Na tsaya da laka tana bushewa a jikina, takaici ya kama ni. Mako goma, cinnaku, ƙunar yatsa, dariyar gari guda, kuma da lokacin ya zo ta tashi ta tafi. Na zauna a ƙasa, ban da ƙarfin ko kashe rediyon.

Ana rufe shirin, biyar da rabi daidai, na ji usur daga zaure. Na ɗauka kunnena ne. Sai ga ƙarar ƙananan ƙafafun jirgi a kan layi, sai ladan yana cewa, “Ikon Allah, an gama bincike ke nan?” Na ji Baba ya ce, “An gama. A yi haƙuri da makara.” A take rediyo ya koma suya, irin ta da, ko ɗigo ba ta ragu ba.

A nan ne kaina ya buɗe. Liƙin da na yi bai kashe jirgin ba, bai kuma gyara komai ba. Baba ne ya kwance wayar batir da hannunsa da ya dawo daga Rurum. Ba zai iya tsayar da jirgi saboda ɗan fari ba, amma zai iya tsayar da shi saboda ɓarnar na biyu, wannan dalili ne da ake iya faɗa a gaban mutane. Wata guda ya hana kansa abin da ya fi so, ni kuma ya ba da aron sunana ga masu dariya. Bai taɓa ba ni haƙuri ba har ya rasu, ni ma ban taɓa nuna masa na gane ba.

Na miƙa hannu zan kashe rediyon, sai na ji Inna a bayana ta ce, “Bar shi tukuna.” Ta fito daga madafi, idonta ja, ta ce hayaƙi ne, ko da yake ba a hura wuta ba. Madafin bai fi taku uku daga turmin ba, kuma ƙofarsa zana ce. Ta durƙusa kusa da ni, kusa ƙwarai, yadda suyar rediyo za ta rufe maganarta kada ta kai zaure. Ta danƙa mini wani ɗan ƙulli a tsumma, na ji ƙamshin citta da kanumfari da masoro.

Ta ce, “Mura yake yi. Ba ka ji hancinsa ba? Ka aika wa wancan. Ka rubuta ya riƙa dafawa yana sha da safe, ya daina kwana ƙirji a buɗe. Tun yana goye haka yake, da damina ta sauka sai ta kama shi.” Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a kansa ba, kuma ban sake ji ba. Ta ƙara da cewa, “Ka ce kai ka aiko.”

Na san an ɗauki muryar nan fiye da wata uku da suka wuce, murar ta daɗe da warkewa. Ban gaya mata ba. Da safe na ɗinke ƙullin a cikin ƙyalle, na rubuta sunansa da lambarsa a kai, na tura keke zuwa gidan waya, domin ƙafafuna sun ƙi takawa.